Alwala a Kan Bandeji

Na yi shekaru ina fataucin fata da albasa daga Illela zuwa Kumasi da Abijan, daga baya tafiya ta kai ni Jidda da Hartum. A duk inda na zauna na ga yadda namiji yake yi idan ba ya son gaisawa da mace hannu da hannu. Balarabe ya dafa ƙirji ya ɗan sunkuya. Basudane ya dafa ƙirji ya ja gaisuwa har matar ta manta ta miƙo hannu. Ban taɓa ganin an yi faɗa a kan haka ba. Sai a garinmu na ga wanda ya je kemis ya sayo bandeji.

Ɗan wani abokina ne da ya rasu. Da can malamin Islamiyya ne, sai ya fito takarar majalisa zai kara da wanda ya daɗe a kan kujera. Ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba mutanensa suka fara kiransa Honorabul, shi ma ya fara amsawa. Idan ya shiga ƙauyen Darna ko na Kalmalo, zancensa ɗaya ne: tarbiyya ta lalace, za a rufe gidajen kallo, za a hana mace hawa bayan ɗan kabu-kabu. Manoma su yi ta kabbara. Amma motocin da yake yawo da su da fastocin da yake mannawa a bango, wata ƙungiya ce ta lauyoyi da 'yan kasuwa daga Legas da Abuja ta saya masa, masu son a ga mata a majalisa da 'yan mata a jami'a. Shugabarsu wata mata ce da kowa ke ce wa Madam.

Sau ɗaya na raka shi Abuja, don yana son a gan shi da dattijo a gefe. A zauren otal na ga ya kama hannun Madam da hannu biyu, bai saki ba sai da mai hoto ya gama. Na kau da kai. Wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Abin da ya shafe ni shi ne Kalmalo. Mutanen can sun gaji da masu zuwa su yi alkawarin yashe musu tafkinsu su ɓace. Ina da aboki a cikinsu tun muna yara, tsohon masunci, wanda in ya yi magana ana saurare. Shi ya ce mini, "In kai ka ce mutumen kirki na, mun yarda." Na ce masa mutumin kirki ne. Na san ubansa, na ɗauka hakan ya isa.

Sai Madam ta ce za ta zo ta ga masu zaɓen da idonta. Ranar da za a je Kalmalo, da hantsi, Honorabul ya shigo zaurena hannunsa na dama naɗe da farin bandeji har wuyan hannu.

Na ce, "Subhanallahi! Mi as same ka?"

Ya yi dariya ya motsa yatsu a cikin naɗin. "Lafiya lau, Baba. Dabara ce. In ta miƙo hannu gaban mutane na karɓa, na rasa ƙauye. In na ƙi, na rasa motoci. Amma wa zai ga laifin wanda ruwan radiyeta ya ƙona?"

"Ka dafa ƙirji mana, ɗana. Ka ce mata a nan ba mu yi."

"Ta san na yi a Abuja."

"To ka karɓa, ka ce musu dama kana yi."

Ya dube ni da tausayi. "Baba, kai ba ɗan siyasa ba ne."

Ya kamata in zauna gida. Na ɗauki hulata na shiga mota.

Dabarar ta ci, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Madam ta sauko daga mota ta miƙo hannu, ya ɗaga bandeji yana yamutsa fuska, ta ce masa sannu da 'yar Hausar da ta koyo a hanya. Dattawa kuwa ya riƙa miƙa musu damtse, suna riƙewa a hankali suna Allah ya sawwaƙe. Wani makiyayi ya ce mini da Fulatanci in gaya wa Honorabul ya shafa zuma. Da aka zauna ƙarƙashin inuwa ya yi jawabi kashi biyu, na Hausa da na Turanci. Ni da nake jin duka biyun na saurara da kyau, ban ji inda suka haɗu ba. A Hausa zai mayar da mata ɗaki, a Turanci zai fito da su. Tafki bai shigo ko ɗaya ba sai da masunci ya tuna masa.

Aka kira azahar, aka kawo butoci. Honorabul ya tsuguna a fili inda kowa zai gani, ya wanke hagu, ya jiƙa yatsu ya shafa a kan bandejin, sannu a hankali, kamar mai koyar da ɗalibai. Liman ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da ilimi." Gaskiya ne shari'a ta yi wa mai rauni wannan sauƙi. Amma wanda hannunsa lafiya lau ya shafa tsumma, bai yi alwala ba, ya jiƙa tsumma ne kawai.

Har nan ina ce wa kaina ba ruwana. Sai liman, don girmama baƙo mai karatu, ya ja da baya ya ce, "Ustaz, bisimilla, ja mu." Honorabul ya ɗan yi kawaici sau ɗaya, ya waiga ya ga mai hoto ya ɗaga kyamara, ya taka gaba.

Abin da muka karanta tun muna zauren malam shi ne, limamin da ya san ba shi da alwala ya shiga sallah, ya ɓata tasa ya ɓata ta waɗanda ke bayansa. Sahu uku ne a masallacin, mutanen da suka baro tarun kamun kifi da fadamar albasa, ƙafafunsu da sauran laka. Ni na kawo musu shi.

Na matsa kusa da kunnensa. "Ɗana, ka ce wa liman hannunka na zugi, shi ya ja."

"Baba, an ta da iƙama. Zan rama a gida."

"Su fa?"

"Ai ba su sani ba."

Na ji wannan magana a bakin dillalin da ke cusa ruɓaɓɓiyar albasa tsakiyar buhu a Kumasi. Na ji ta da Faransanci a bakin iyaka. Ban taɓa jin ta a gaban sahu ba sai ranar.

Na ɗaga murya na ce, "Liman, shigo ka ja sallarka. Wanga ba shi da alwala."

Abokina masunci ya leƙo daga sahun farko. "Alhaji, mi kake hwaɗi? Mun ga ya yi."

"Kun ga ya shafa tsumma. Hannun lafiyarsa lau."

Honorabul ya yi murmushi irin na fastarsa da ke manne a bango. "Ku yi haƙuri, Baba ya tsufa, ga rana."

Masunci ya ce, "To kwance mu gani, Honorabul. In ƙuna ta, muna da magani. In babu, mu yi maka barka da warkewa."

Daga sahun baya wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Ko mu taya ka, ranka ya daɗe? Hannu guda ba ya kwance ƙulli."

Aka tuntsire, liman ya tsawatar. Honorabul ya laluba aljihu da hagu ya ciro wayar da ba wanda ya ji ta yi ƙara, ya kara a kunne, ya ratsa sahu ya fita yana "Na'am, na'am." Liman ya ja mu sallah.

Da muka fito Madam ta tare ni ta tambaya da Turanci me ya faru. Na gaya mata duka. Ta yi dariya har da share ido, ta ce da yawa cikin waɗanda take wa aikin lauya ba sa ba ta hannu, bai taɓa damunta ba. Sannan ta rage murya ta tambayi abin da ya kawo ta: waɗannan mutane za su zaɓe shi har yanzu? Na ce ga su nan, ta tambaye su. Ba ta tambaya ba. Ƙungiyarsu kuma ba ta karɓe motocin ba, don ba ta da wani ɗan takarar a wannan yanki.

Masunci ya raka ni bakin hanya. Mun yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, "Kai ka ce muna mutumen kirki na."

"Ni na ce."

"Kuma tun da sahe ka san hannun lafiya lau."

"Na sani."

"Ke nan da ba a kai ga sallah ba, da ka yi shiru mun zaɓe shi."

Ya sa aka ɗora mini kifi a bayan babur ɗin da zai mayar da ni gida, kamar yadda ya saba, muka yi sallama. Kalmalo ba su zaɓi Honorabul ba. Da wani zaɓen ya zagayo kuma, ba wanda ya tako Illela ya tambaye ni wane ne mutumin kirki. Har yau muna zumunci da masunci, muna hirar ruwa da farashin sefa, amma wannan tambayar ya daina yi mini ita.

Kwanakin baya na haɗu da Honorabul wajen 'yan canji. Ya sake buga fasta, yana bin rumfa rumfa yana gaisawa. Da ya hango ni ya taho da fara'a, "Baba! Baba!" ya miƙo wannan hannun na dama, sumul, ko tabo babu. Na dube shi, na dafa ƙirji na ɗan sunkuya, na wuce.