Na Ce Baɗi, Ruwa Bai Jira Ni Ba

Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. A lokacin ni matashin tela ne mai ji da kansa, ɗan wani ƙauye a ƙasar Bebeji. Na je aikin Hajji, da aka gama sai na maƙale a Jidda wajen wani mai shagon ɗinki. Ina samu daidai gwargwado, amma wallahi zuciyata ba ta taɓa zama a garin nan ba. Ƙafata tana kan keke, hankalina yana gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. In na ji Hausa a kasuwa sai in bi mutum, don kawai in tambaye shi ko damina ta yi kyau a gida.

Alhazan yankinmu ne ke kawo mana saƙo duk shekara, da ɗan ƙullin daddawa da kuka. Wata shekara wani dattijo maƙwabcinmu ya nemo ni har shago. Bayan mun gaisa ya ce Baba ya ce lallai in zo bana, domin ana tare kogi a Tiga, ruwa zai ci garinmu, za a tashe su. Kaico, dariya na yi! Wane kogin? Wanda da rani sai mun tona yashi muke samun na sha? Shi ne zai hau tudunmu? Na ɗauka dabarar tsofaffi ce, don bara ma cewa aka yi ƙafa ta kwantar da Baba, ashe ƙaya ya taka. Na haɗa dattijon da hula da turare, na ce a gaya wa Baba sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya dube ni ya ce shi dai ya sauke nauyi.

Daga nan saƙo ya ɗauke ɗif. Shirun nan ne ya tayar mini da hankali, har na tattara na taho bayan shekara biyu. Hanyar da na sani tun ina yaro ta miƙe ta shige cikin ruwa, ruwan da ba a hango ƙarshensa. Na iske danginmu a sabon matsuguni, ko inuwar kirki babu. Baba ya amsa gaisuwata, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi ya so a ce 'ya'yansa sun cika ranar da suka je kabarin Inna ziyarar ƙarshe. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yayana, wanda na bari manomi, na tarar ya zama masunci. Na matsa masa ya ɗauke ni a kwalekwale. Muka yi nisa, ya tsaya ya dubi wani dutse, ya ce nan ne gidanmu. Can ya ƙara tuƙawa gaba ya ce ko kuwa nan ne. Na yi wa Inna addu'a ban sani ba ko a kanta nake ko a kan gonar wani.

Na koma Jidda na kasa zama, na dawo nan ma ɗin dai haka. Na ɗauka gida abu ne da ke zaune yana jiran mutum, ashe ba haka ba ne. 'Yan'uwana da ke ƙetare, in iyaye suka yi kira kada ku tsaya auna maganarsu da wayonku, ku taso kawai. Ni yau in 'ya'yana suka tambaye ni ina ne garinmu, ruwa nake nuna musu.