Motar Baba a Kan Duwatsu

Jiya a Gwallaga na ga wani mai wankin mota yana shafa folish da tsakar rana. Ƙamshin ne ya tsayar da ni. Da Baba ne ya gan shi, da ya sha faɗa.

Bayan ɓarin jikinsa ya shanye, motarsa ta koma kan duwatsu a harabar gidanmu na Ɗan Iya. Amma duk safiyar Juma'a sai mun fito da shi a kujera, ina shafa wa motar folish, yana sa ido.

"Taɓa ƙarfen tukuna," yakan ce. "In da zafi, bari. A inuwa ake yi, da tsohuwar singileti."

Wata rana na gaji, na ce, "Baba, motar da ba ta zuwa ko'ina, wa zai gani?"

Ya sa na yayyafa ruwa a bonet. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangara. Ya bi shi da kallo har ƙasa.

"Ni ma ba na zuwa ko'ina," ya ce. "Sai ka daina yi mini wanka."

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. An ba ni aiki a Kano, ban tafi ba. Masu gwangwan sun taya motar, na kore su. Matata ta ce saboda ita ko wurin shanya ba ta da shi, kuma gaskiyarta. Juma'a na yi, sai in tsinci hannuna a kan ƙarfen.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya shi. Ni kuma ya ba ni ikon ɗauke hannuna.