Tirelar Yaya a Cikin Kwamfuta

Yayana ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa tirela, ko madubi bai taɓa fasawa ba. A garejin kamfaninsu Sitiyari suke ce masa. Mutum ne dogo, mai yawan tsaki, wanda ya yarda cewa duk abin da ya lalace a hanya laifin bakanike ne. In ya kai mota gyara ba ya zuwa ko'ina, a kan mai gyaran yake tsayawa, hannu a ƙugu, har a ɗaure noti na ƙarshe. Ni ƙanensa ne, gyaran kwamfuta nake yi, kuma na daɗe ina gode wa Allah da bai sa ni gyaran mota ba.

Bara ciwo ya same shi yana ɗaura takalmi zai fita aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan wata huɗu ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun ne ya rage yana yi masa gardama. Manajansu ya ba wani direba riƙon motar, ya ce zai jira Yaya har ƙarshen shekara. In hannu ya dawo, ga mota. In bai dawo ba, sai haƙuri.

Likita ya ce ya samu abin da zai riƙa juyawa da hannu biyu. Sai na ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur da ke zaune a shagona, na sa mata wasan tuƙin tirela, na haɗa masa da sitiyarin roba da feda. Muka kafa ta a falo, a kan teburin da matarsa ke guga. Ranar farko ya ce kayan yara ne. Kwana uku sai ga shi yana ba da sigina a falo, yana faɗa da motocin cikin allo.

A wasan akwai wata hanya mai gangara da lanƙwasa, kwana har uku a jere. Yaya ya ce ranar da ya sauko ta da kaya bai gogi komai ba, washegari zai je wurin manaja ya karɓi mukullinsa. Kullum a kwana ta biyu tirelar ke bugun ƙarfen gefen titi.

"Injinka ne," in ji shi. "Ina juyawa hoton na tsayawa. Wa zai yi tuƙi da motar da ke tunani?"

Kuma yana da gaskiya a wani ɓangaren. Kwamfutar ta shekara goma sha ɗaya. Da motoci sun yi yawa sai hoton ya tsaya cak, ya yi tsalle, fankarta na gurnani kamar tsohon firji. Na buɗe ta na hure ƙura, na ƙara mata ram don ta daina shaƙewa. Yana tsaye a kaina, hannun dama a ƙugu, yana tambayar ko na ɗaure da kyau. Ta ɗan yi sauƙi. Tirela ta sake bugun ƙarfe.

Ran nan ban kalli allo ba, hannunsa na kalla. Da ya zo kwana ta biyu, inda hagu ya kamata ya karɓi sitiyari daga dama, yatsun suka saki da kansu. Shi bai ma ji ba.

Matarsa ta biyo ni bakin ƙofa, ta rage murya. "Ƙanina, kai ka san aikin nan. Injin ne?"

Na ce, "Injin ma yana da nasa."

Sai ta koma ciki.

Abu ɗaya ya rage, katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a allo. Na san in na canja shi an gama, babu sauran abin da Yaya zai ɗora wa laifi. Sai na fara irin halin da Yaya ya fi tsana a wurin masu gyara: yau kaya bai iso ba, gobe wanda ya zo bai dace ba. Mako biyar ina ja masa rai, alhali sabon katin na cikin durowata. Na ji haushin kaina, na kuma ji haushinsa da ya ƙi ganin abin da kowa a gidan ya gani. Da ya ce zai kai kwamfutar wurin wani, dole na kawo.

Da hantsi na sa shi. Hoton ya fito tas, har layin titi da ganyen bishiya, babu tsayawa babu tsalle. Yaya ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya gyara kujera, ya ce, "Yanzu ka yi aiki."

Ya sauko gangara lafiya, ya wuce kwana ta farko. A ta biyu ya bugi ƙarfe. Ya sake, ya buga. Sau bakwai. Bai yi tsaki ko ɗaya ba, kuma shirun nan ya fi tsakin ciwo.

"Zauna ka gwada," ya ce da ni.

Ni ko ƙaramar mota ban iya ba. Na yi niyyar in buga da gangan, amma idonsa na kan hannuna, ya kuma san tuƙin ƙarya in ya gan shi. Na wuce kwanar farko, ta biyu da ta uku a hankali kamar mai tura baro, ban taɓa komai ba.

Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu a kan cinyarsa. Sannan ya kira matarsa ya ce ta buga wa manaja, ta ce a bar wa mai riƙo motar. Ta tsaya da waya a hannu, hawaye na zubo mata.

Ina haɗa kayan aikina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tsohon katin nan, ka yar da shi?"

"Yana jaka, Yaya."

"Mayar min da shi."

Na kwance sukurori huɗu na mayar. Wannan karon bai tashi ya tsaya a kaina ba.