Ranar Da Na Kulle Wifi Cikin Kabad

Shekarata ta biyu ina sakatariya a biron wani lauya a Filinge aka kawo mana wifi. Lauyan, wanda muke ce wa Metir, a Yamai yake zaune, mu reshe ne kawai. Wani ma'aikaci ya zo ya ɗora farin akwati kamar faifai bisa teburina, ya ce daga Yamai zai riƙa lura da shi a kan allonsa, ba sai ya sake tako ƙafa ba. Metir kuwa ya buga waya ya ja mini kunne: duk asirin masu ƙara ta cikin akwatin nan zai riƙa bi.

To, ni dokar da aka koya mini guda ce: abin da ke ɗauke da asiri, kabad ɗin ƙarfe ne makwancinsa. Na zura wayoyinsa ta ramin da tsatsa ta ci a baya, na kwantar da shi tsakanin takardu, na murɗa mabuɗi. Wallahi har yaba wa kaina hankali na yi.

Washegari wani tsoho ya zo daga Damana. An yanke hukunci an ba maƙwabcinsa gonar da ya gada, kuma kwana uku suka rage Metir ya ɗaukaka ƙara. Ba abin da ake jira sai in tura takardunsa Yamai. Na danna, shiru. Na kira ma'aikacin.

"Madam, ga shi ina gani, kore shar. Lafiyarsa lau."

"Kai ne lafiya lau! Ni nan ko tari bai yi ba."

Kwana biyu muna wannan. Ya kashe shi daga can, ya kunna daga can, ya tambaye ni ko na iya kwamfuta. Ni! Na ce da ganau da jiyau akwai bambanci, ya zo ya gani in ya isa. Tsohon yana kan benci da hularsa a gwiwa, ga ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka ban da shi.

Rana ta uku da hantsi tsohon ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, wai ina abin nan da kuke ta hwaɗa a kai?"

Na nuna kabad da alfahari.

"Cikin ƙarhe? Ni dai rediyona in na sa shi cikin akwatin ƙarhe, ba ya magana."

Na so in ce Baba wannan ba rediyo ba ne, sai na tsinci kaina gaban kabad. Na buɗe ƙofar a hankali kamar mai satar nama a tukunya. Kafin in koma kujera takardu sun tafi.

Sai ga ma'aikacin a waya, wai ya gyara daga can. Na ce sannu da ƙoƙari. Kunya ta hana ni ƙari, haushinsa kuma har yau bai sake ni ba.

Tsohon ya miƙe, ya sa hula.

"Yanzu in shuka?"

"Baba, takarda kawai ta isa. Alƙali bai ce komai ba tukuna."

Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana duban gabas.

"Ruwa ba ya jiran alƙali. Ni dai zan shuka."