Zomon Tsohon Darakta

Ranaku da yawa na aiki sun shige mini, amma ban da ranar da aka tura ni Tirmini da kat-kat ɗin ofis, wato babbar motar shiga daji, da shofer mai tuƙa ta, don in ɗauko zomo guda ɗaya tak. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina wani proje na kiwo a nan Damagaram, irin waɗanda ake buɗewa da kuɗin waje, a yi 'yan shekaru a rufe. Aikina yi wa dabbobi allura a ƙauyuka. A sama akwai darakta, ƙarƙashinsa mataimaki, can ƙasa kuma mu 'yan shiga daji, waɗanda ba a tunawa da mu sai ciwo ya faɗa wa awaki.

Daraktanmu, Mushe Laminu (Mushe shi ne Malam a bakin Faransanci), yana da wani farin zomo mai jajayen idanu da wani baƙo ya ba shi. Aka yi masa keji a gindin dogon yaro, daidai tagar bironsa, wato ofishinsa. Wata safiya aka ga darakta ya tsaya ya miƙa wa zomon ganye. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kashegari mataimakinsa, Mushe Habu, ya zo da karoti. Wani ya kawo salati tun daga garaken Mirya. Sakatariya ta ɗaura masa jan zare a wuya, tana cewa ita ba ta taɓa son wata halitta haka ba. Mai neman hutu ko ƙarin girma sai ya je ya durƙusa gaban keji, amma fa sai tagar darakta tana buɗe. Har suna aka raɗa masa, Ƙaramin Darakta. Da na ce a rage masa salatin nan kada cikinsa ya ɓaci, aka ce hassada nake yi.

Sai iska ta juya. Aka kira Mushe Laminu Yamai aka ajiye shi, wato ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi wani aiki ba. Ya kwashe kayansa har da labule, ya bar zomo. Mushe Habu ya hau kujera.

Nan fa zomo ya shiga uku. Duk wanda aka gani yana ba shi abinci, za a ce mutumin tsohon darakta ne. Duk wanda ya yanka shi kuma, in Mushe Laminu ya dawo fa? Kun san a ƙasar nan ba a yi wa wanda aka sauke dariya da ƙarfi. Sai bawan Allah ya rasa mai ciyar da shi, ya kuma rasa mai cinye shi.

Na dawo daga rangadi cikin tsakiyar bazara na tarar da shi kwance, kwanon ruwansa ya bushe ƙayau, jan zaren nan yana lilo a wuyansa saboda rama. Wallahi raina ya ɓaci. Na shiga wurin Mushe Habu ban ko yi sallamar kirki ba.

"Mushe darakta, zomon nan zai mutu."

"Wane zomo?" in ji shi, alhali ga kejin nan a tagarsa.

Da na matsa, sai ya ce, "Malam Isufu, projenmu na awaki da tumaki ne. Ka yi yadda ka ga dama, amma ni ban ji ba, ban gani ba."

Na sa shi a kwali na ɗaure bayan moto, wato babur ɗina. Ban kai shi gidana ba, don na san uwargida tana leƙa kwalin za ta fara tambayar ko akwai sauran yaji. Na wuce Tirmini wurin Gwaggo Fanna, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna birni, da kaji take hira.

"Isufu, wannan na miya ne ko na kiwo?"

"Na amana ne, Gwaggo."

"To, sauke shi."

Ba karoti, ba salati. Harawar gyaɗa ce da dusa da ganyen wake, sai inuwar ƙarƙashin rumbu. Ta sa masa suna Baƙo. Kafin damina ta yi nisa ya murmure, har yana bin ta tsakar gida duk inda ta sa ƙafa.

Bayan kaka sai ga labari: an ba Mushe Laminu babban muƙami a Yamai, kuɗin proje irin namu duk sai sun bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa. Kuma yana nan tafe ziyara. Ofis ya hargitse. Aka wanke keji, aka shafa masa fenti. Mushe Habu ya aiko a kira ni, har da ba ni kujera.

"Malam Isufu, ina ka kai mana Ƙaramin Darakta?"

"Wane zomo, mushe?"

Bai yi dariya ba. A ƙa'ida, kat-kat ba ta fita sai darakta ya sa hannu, kuma mun sha roƙonta don zuwa allura ana ce mana babu mai. Ran nan a tsaye ya sa hannu. Ya ce in ban dawo da zomon ba, in nemi wani aikin.

Muka tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, Baƙo kwance a jikin ƙafarta. Na yi bayani, ta saurara har na gama.

"Ran da ka kawo shi, na mene ne ka ce?"

"Na amana, Gwaggo."

"To, amanar ce ban gama riƙewa ba. Sa'ad da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, ina manyan naku suke?"

Shofer ya sa baki. "Iya, mai shi fa babban mutum ne yanzu."

"Ɗan nan, zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. In yana so, ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni."

Na san Gwaggo, in ta ce a'a ko mahaifina ba ya tanƙwara ta. Muka juyo hannu rabbana. A hanya ina tsoron rasa aikina, amma can ƙasan raina daɗi nake ji.

Mushe Habu ya yi gumi, ya yi faɗa, sannan dabara ta zo masa. Ya aika kasuwa aka sayo wani farin zomo, aka ɗaura masa jan zare, aka gargaɗe mu duka cewa wannan shi ne wancan.

Ranar ziyara muka jeru a gindin dogon yaro. Mushe Habu ya nuna keji ya ce, "Ranka ya daɗe, ga amanarka. Bai taɓa kwana da yunwa ba."

Mushe Laminu ya leƙa, ya tuntsire da dariya.

"Au, ashe ba ku cinye abin nan ba? Ni dama don kada wanda ya ba ni ya ji ba daɗi na ajiye shi. Madalla. A gasa mini shi, in yi guzurin hanya."

Mushe Habu da kansa ya riƙe ƙafafun zomon aka yanka. Sakatariya ce ta daka yajin. Ni kuwa na tsaya ina kallon jan zaren a ƙasa, ina tuna wuyan Baƙo da aka so a ɗaura wa shi.

Baƙo ya yi zamansa a Tirmini har tsufa ya ɗauke shi a ƙarƙashin rumbu, Gwaggo ta haƙa rami ta rufe shi.

Abin da na koya ke nan, kuma da shi na yi aiki har na yi ritaya. In kun ga mutane sun yi layi suna shafa dabba, ku fara duba tagar wa ke buɗe. In kuwa amanar dabba ta faɗo hannunku, ku kai ta gidan da za a ba ta ruwa ko ba mai leƙowa.