Yadda na yi wa jan kare horo da murfin tukunya

Shekarar da maigida ya yi ritaya daga ma'aikatar gona ya dawo daga Jos da ɗan kare a cikin kwali. Wani likita abokinsa ne ya ba shi. Ja ne kamar jan bulo, kunnuwa sun zubo, ido kalar zuma. Wai sunan irinsu bizla, daga Turai suke, aikinsu su sunsuno tsuntsu su tsaya cak, a harba, su ɗauko.

Ni ɗiyar malamai ce, ban taɓa zama gida ɗaya da kare ba. Sati ba a yi ba sai ga Yaya Malam, wan maigida, ya zo daga Ringim. Ya ƙi zama kan tabarma sai da aka ɗaure karen a gindin darbejiyar bayan gida.

"Shari'a ta yarda da karen farauta," in ji shi. "Amma horarre, wanda in an aike shi zai je, in ya kamo ba zai ci ba. Wannan me ya taɓa kamowa?"

"Takalmina, Yaya," in ji maigida.

Yaya Malam bai yi dariya ba. Ya ce bayan kaka zai dawo su fita tare. In karen ya yi aiki ya zauna, in bai yi ba a kai shi rugar da ke hanyar Kiyawa ya bi shanu. Na yi hamdala a raina. Ban san ni ce zan fi kowa shiga damuwa ba.

Tsayuwar dai tun haihuwa ya iya ta. Da ya ji ƙanshin kajina sai ya sandare, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, jela a miƙe, kamar wanda aka tsayar a faretin makaranta. Kajin har suka saba, suna kiwo a ƙarƙashin cikinsa. Matsalar bindiga ce. Ranar da maigida ya fara harba mai baki biyunsa a gona, karen ya shige ƙarƙashin mota, sai da aka janyo shi yana rawar jiki. Da na ga idonsa a ranar, wallahi sai da na juya na goge nawa.

Likitan ya ba da magani ta waya. Ya ce a riƙa yin ƙara lokacin ba shi abinci, a fara a hankali, ana ƙarawa, har ya ɗauka ƙara alheri ce. Maigida ya yi kwana biyu ya gaji.

"Hajiya, ke ce mai tukwane."

"Alhaji, ni da kare?"

"Ba taɓa shi za ki yi ba. Bugawa kawai."

Haka na fara. Kullum bayan la'asar sai in jiƙa ƙanzo da romo a wani tsohon kwano da na ware masa, in tura shi da sanda bakin ƙofar kicin ta baya, a kwance karen, in haɗa murfi biyu in buga. Da farko cokali da faranti ne. Kafin a yanke gero na kai ga murfin babbar tukunyar suna da taɓarya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko aljanu nake kora. Shi kuwa da ya ji kwaram, ko daga ina yake, sai ya sheƙo ya zauna a bakin ƙofa yana kallona. Bai taɓa tsallake dokin ƙofar ba. Ni ma ban taɓa shafa shi ba, amma na fara zaɓar masa ƙashi mai ɗan nama.

Likitan ya ce daga baya a koma yi a daji, da bindigar kanta. Wannan ɓangaren maigida ya manta bai faɗa mini ba.

Bayan kaka Yaya Malam ya dawo kamar yadda ya ce. Da hantsi suka bi gonakin da ke bayan duwatsun unguwarmu, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Na zauna ina tsince shinkafa ina addu'a, ina jin kunyar abin da nake roƙo. Can na ji ƙarar bindiga sau ɗaya, daga nesa.

Ban gama wanke shinkafar ba na ji haki a bakin ƙofa. Ga karen zaune, fakara a bakinsa. Ya ajiye ta a gabana a hankali, ya koma kallon kwanonsa. Da ranta, ko haƙori bai sa mata ba, fiffike ɗaya ne harsashi ya karya. Na ɗauke ta, ƙirjinta na bugawa a tafin hannuna. Wuƙa na nan kusa, na san hukuncin shi ne a yanka ta, amma na kasa. Na zuba wa karen ƙanzonsa, na samo tsinken tsintsiya da zare.

A haka suka same ni. Maigida ya shigo gumi sharkaf, ƙaya duk a wandonsa. Ashe karen ya yi tsayuwarsa da kyau, an harba, ya ɗauko, sannan ya wuce ta gaban maigida da ke miƙa hannu ko kallonsa bai yi ba. Su biyun suka biyo shi da gudu, Yaya Malam riƙe da babbar riga.

Sai da Yaya Malam ya sha ruwa kofi biyu kafin ya iya magana. Ya karɓi fakarar ya juya ta, ya duba wuya, ya duba ciki.

"Bai ci ba," ya ce. "An aike shi ya je, ya kawo wa mai shi. Sai dai mai shi ba kai ba ne."

"Ni na ɗauko shi tun daga Jos, Yaya."

"Ka ɗauko mata. Kare ya zauna." Ya dubi ɗaurin da na yi wa fiffiken, ya girgiza kai. "Amma in nama kake so, daga yau ka riƙa riga shi zuwa gida."