Makullin Baba Yohanna

Ranar da ba ta fita daga raina ita ce wadda Baba Yohanna ya shigo ofishinmu a Kafanchan, ko hular kwanon babur bai cire ba. Lokacin ni ce jami'ar kula da kwamfuta a cibiyar horar da malamai, ƙarƙashin Darakta.

Ga yadda abin yake. Akwai wani shafin intanet da malamanmu ke ajiye darussa da waƙoƙi cikin harsunan gida. Ba ka buƙatar rajista da masu shafin. Cibiyarmu ce ke ba ka suna da lambar sirri, shafin ya tambaye mu ko mun san ka, mu ce e, ka shige. Kwatsam masu shafin suka sanar cewa daga ƙarshen wata sun daina karɓar shaidarmu, sai ta wani katafaren kamfanin waje.

Baba tsohon hedimasta ne daga Zonkwa. A shafin ya ajiye muryar marigayiya matarsa tana rera waƙoƙin raino, kuma kowace Lahadi bayan coci sai ya saurara. In bai koma sabon tsari ba, ƙofa ta rufe.

Na ce, "Baba, buɗe sabon ba wuya, yanzu zan yi maka."

Ya harare ni. "Rifkatu, in zan yi tafiya, wa nake ba makullin gidana? Inna Habi mai kawo mana nono. Ni na zaɓe ta, na san rugansu. Wannan kamfani, ina rugansu?"

Dariya ta kama ni. Na kai shi wurin Darakta, wanda ya ce, "Baba, duniya ce ta ci gaba." Baba ya ce, "To ta ci gaba, ta bar mini matata."

Darakta ya sa hannu na tura koke da sunan cibiya. Ashe malamai daga Gwantu har Kagarko suna ta ƙorafi iri ɗaya. Masu shafin suka amsa cikin ladabi: tsohon tsarin na ba su wahala, ba za su janye ba, amma kowa na iya kwashe kayansa. Na ji haushi, na kuma ji sauƙi. Muka sauke waƙoƙin zuwa kwamfutar cibiya, inda tsohuwar lambarsa ke aiki. Da muryar ta fito, Baba ya cire hular, ya zauna yana bi a hankali.

Ku sababbin ma'aikata, abin da na koya shi ne mutanenmu ba sabon abu suke ƙi ba. So suke su san wanda ke riƙe musu ƙofa.

Da Kirsimeti ta zo, Baba ya biyo ta ofis zai tafi Kagarko. Ya ajiye makullin gidansa a kan teburina.

"Su Inna Habi sun tashi da shanu," in ji shi. "Ke kuma na san ruganki."